Faifan Da Ba Mu Raɗa Wa Suna Ba

Kwanakin baya 'yar ƙanwata, yarinya mai shekara goma sha uku, ta tono wata tsohuwar wayar tarho daga ƙasan kwalin tarkace. Baƙa ce wuluk, ga nauyi kamar dutse, igiyarta ta nannaɗe ta ƙanƙame wuri guda. Ta kaɗe ƙurar, ta ɗaga kan wayar ta kara a kunne. Wannan kam ba sai an koya mata ba, domin hotonsa ne take gani kullum a jikin koren maɓallin wayar mahaifiyarta. Daga nan ta dubi zagayayyen abin nan mai ramuka goma, ta zura yatsa a ramin lamba takwas, ta danna. Shiru. Ta ƙara dannawa da ƙarfi har farcenta ya lanƙwashe.

"Kawu, wannan ai ta lalace."

"Lafiyarta ƙalau. Ba dannawa ake yi ba. Sa yatsanki, ki jawo shi har ya tokare da ɗan ƙarfen nan, sannan ki saki."

Ta jawo, ta saki. Abin ya koma da kansa yana ƙirrr, a hankali, ba gaggawa. Ta fashe da dariya, ta sake yi har sau huɗu. Can sai ta ɗago kai.

"To shi wannan mai juyawar, yaya sunansa?"

Nan na yi turus. Na shafe shekaru ina murza irin wannan abu da yatsana, na san ƙararsa, na san haushin da yake bayarwa idan ka kuskure lambar ƙarshe, amma ban taɓa kiran sa da wani suna ba. Muna cewa "lambobin wayar", ko "wurin juyawa", ko kuwa mu nuna da baki mu ce "abin nan". Ya zo, ya yi zamaninsa, ya tafi, ba a yi masa suna ba.

Tun daga ranar nake juya maganar a raina. Ra'ayin da na tsaya a kai kashi biyu ne, kuma wasu za su ga kamar suna karo da juna: abin ya cancanci suna a Hausa, sunan kuma yana hannunmu tuntuni, amma aikin kiran mutum a waya ba ya bukatar wata sabuwar kalma, kuma masu neman gyara mana "buga waya" su sarara.

Sai an san yadda abin yake aiki kafin a ga dalilin da ya sa sunansa ya dame ni. Mutane da yawa, har waɗanda suka yi amfani da shi, suna zaton jawowar da kake yi da yatsa ita ce ke aika lambar. A'a, jawowar ɗaure naɗaɗɗen ƙarfen nan mai tsalle da ke ciki ce kawai. Saƙon yana tafiya ne a lokacin komawa. Yayin da abin yake komawa mazauninsa, wani ɗan haƙori a ciki yana katse wutar layin yana haɗawa, kuma kowace katsewa bugu ɗaya ce da na'urar cibiyar waya take ƙirgawa. Lamba ɗaya bugu ɗaya, lamba biyar bugu biyar, sifiri kuwa bugu goma, shi ya sa aka ajiye shi a can ƙarshe. Akwai ɗan birki a ciki da yake tsare gudun komawar a kan kusan bugu goma cikin daƙiƙa guda. Mai gaggawar da ya tura abin baya da yatsa don ya yi sauri, sau da yawa sai ya ji muryar wanda bai sani ba ta amsa, domin ya rikita wa na'urar lissafi. Ɗan jinkirin da ke tsakanin sakin wannan lamba da jawo ta gaba shi ne yake gaya wa cibiya cewa lamba ɗaya ta ƙare, wata na tafe.

Kafin wannan dabara, mutum ne yake haɗa ka da wanda kake nema. Alexander Graham Bell ya samu takardar mallakar fasahar tarho a 1876, kuma shekaru bayan haka, idan ka ɗaga waya ma'aikaciyar cibiya ce za ta amsa, ka faɗa mata wanda kake so, ta soka igiya a ramin layinsa. Wanda ya fara raba mutane da wannan dogaro ba injiniya ba ne ma. Almon Strowger sunansa, mai sana'ar shirya gawa da binne ta a birnin Kansas na Amurka. Labarin da aka fi bayarwa shi ne ya zargi wata ma'aikaciyar cibiya da karkatar da masu nemansa zuwa wurin abokin hamayyarsa a sana'a. Ko ma mene ne ya tunzura shi, a 1891 ya yi rajistar na'urar da take haɗa layi da kanta, kuma a 1892 aka fara aiki da ita a garin La Porte na jihar Indiyana. Abin da zai ba ka mamaki shi ne wayoyin farko na tsarinsa maɓallai ne da su, kana danna kowanne sau adadin lambar. Abokan aikinsa ne suka fito da mai juyawar a 1896, don su sauƙaƙa wa mutane ƙirgen. Wato dannawa ta riga juyawa, ta kauce ta ba ta wuri, sannan ta dawo ta kore ta. Da na gaya wa yarinyar nan haka, cewa ta yi ashe ita ce mai gaskiya tun farko.

Wannan ƙirge na bugu ya bar tabo a lambobin da duniya take amfani da su har gobe. Lokacin da aka raba wa yankunan Amurka lambobin gari a 1947, birnin New York, inda kira ya fi yawa, ya samu 212, bugu biyar ke nan kacal. Chicago ta samu 312, Los Angeles 213. Jihar Dakota ta Kudu mai ƙarancin jama'a aka ba ta 605, bugu ashirin da ɗaya. A Ingila an buɗe lambar neman agajin gaggawa ta 999 a birnin Landan a 1937, bayan wata gobara da ta kashe mata biyar a 1935. Sun guji 111 duk da ta fi saurin bugawa, saboda wayoyin da ke kan turaku idan iska ta haɗa su suna iya samar da bugu ɗaiɗai su kira ta a banza. Ita kuwa tara, ko a cikin duhu ko hayaƙi kana iya lalubo ta, tunda ita ce rami na biyu daga ƙarfen tokarewa. A ƙasar New Zealand an jera lambobin a juye, lamba ɗaya ce take ba da bugu tara, don haka tasu lambar agajin ta zama 111. Mutanen Suwidin su kuma sifiri suka sa a farko. Duk wanda ya riƙe waya yau ya kira ɗaya daga cikin waɗannan lambobi, yana bin hukuncin wani naɗaɗɗen ƙarfe da ɗan birki da suka daɗe da barin aiki.

Abin da ya yi irin wannan tasiri, a ce harshe mai miliyoyin masu magana ba shi da abin kiran sa sai "abin nan", ni dai bai kwanta mini ba.

Turawan Ingila suna ce masa "dial", kuma kalmar ta girme wa tarho nesa ba kusa ba. Tushenta Latin ne, daga kalmar da ke nufin yini. Da farko sunan agogon inuwa ne, farantin nan da ake kafa wa tsinke a tsakiya a riƙa duba inda inuwa ta faɗa. Daga nan ta koma kan fuskar agogo, ta wuce zuwa duk wata zagayayyar fuska mai lambobi, har ta sauka a kan tarho. Can kuma ta rikiɗe ta zama aikatau, ta yadda Bature zai ce yana yin wannan abu ko da gilashi yake shafawa. Faransawa ma sunan fuskar agogo suka ara. Jamusawa suka haɗa kalma biyu, ma'anarsu faifan zaɓe. Mutanen Burazil daga kalmarsu ta faifai suka ƙera aikatau na kiran lamba. Larabawa suna ce masa ƙursu, wato abu zagayayye mai faɗi, ita kuma wayar suka kira ta hatif, kalmar da duk wanda ya zauna gaban malami ya san ta: hatifi, muryar da ake ji ba a ga mai ita ba. Ban san wani suna da ya dace da tarho kamar wannan ba. Abin lura dai shi ne babu ko ɗaya daga cikinsu da ya ƙago kalma daga sama. Kowa ɗakinsa ya shiga ya ɗauko abin da ya yi kama.

Mu ma muna da shi a ɗaka. Faifai. Zagayayye ne, mai faɗi, marar kauri. Kuma ba yau ya fara aikin aro ba. Da garmaho ya zo, faifai muka ce wa baƙin farantin da allura take bi. Da aka shiga zamanin CD, faifai muka ce. Yau ɗan jarida zai ce wani faifan bidiyo yana yawo a intanet, alhali babu wani abu zagayayye a cikin lamarin ko kaɗan, kuma babu wanda ya taɓa ɗaga gira. Har na sha ganin masu fassarar littafin bayanin waya suna rubuta "faifan maɓalli" don jerin maɓallan wayar hannu, abin da yake da kusurwa huɗu. Mai kusurwa ya samu faifai, ainihin zagayayyen da yake juyawa kamar na garmaho an bar shi ba suna. Don haka ni "faifan lambobi" nake ce masa, wayar kuma "waya mai faifai", aikin kuwa "juya lamba" ko "murza lamba". Na gwada a kan mutum uku da suka san zamanin, babu wanda ya tambaye ni me nake nufi. A wurina wannan ita ce jarrabawar kalma.

Sai kashi na biyu, inda na fi samun saɓani da mutane.

Akwai masu ganin cewa "buga waya" kuskure ne da ya kamata a daina, tunda ba a bugun komai. A ce "kira" kawai. Akwai kuma, a ɗaya gefen, masu fassarar da suke ganin kalmar nan ta Turanci a allon waya sai su ruɗe, su rasa yadda za su yi da ita. Na taɓa riƙe wata waya da aka mayar da rubutunta Hausa, inda aka rubuta "juya lamba" a saman allon da babu abin juyawa a cikinsa. Wasu kuma ba su wahalar da kansu, sai ka ji "yi dayalin". Duka ɓangarorin biyu abu guda ya ɓace musu: ba su lura cewa kalmar Baturen kanta gawa ce da ta ƙi kwanciya ba. Shi ma ba ya juya komai. Ya riƙe tsohuwar kalmarsa ne don ta saba da bakinsa. To don me za mu yar da tamu tsohuwar mu ɗauko tasa, ko mu fassara tasa kai tsaye mu liƙa a inda ba ta da ma'ana?

Tamu ma ta fi tasa tsufa a wannan fage. "Waya" asalinta zaren ƙarfe ne, wanda aka ja a kan turaku. Kafin murya ta fara bi ta cikinsa, saƙon tangarahu ne yake bi, irin wanda Samuel Morse ya aika daga Washington zuwa Baltimore a 1844, kuma ana aika shi ne ta hanyar ƙwanƙwasa wani ɗan maɓalli, gajeren bugu da dogon bugu. Wanda ya "buga waya" a wancan zamani, rubutaccen saƙo ya aika, kuma da gaske an buga. Shi ya sa ofishin aika wasiƙu ya zama gidan waya. Da tarho ya zo, maganar ta tsallaka kansa ba tare da neman izinin kowa ba. Wani abin sha'awa, ko da ba da niyya ba ne, ta faɗa daidai: faifan lambobi ma bugu yake aikawa, ɗaya, biyu, har goma. Bahaushen da ya ce ya buga lamba ya fi Baturen da ya ambaci fuskar agogo kusa da abin da yake faruwa a cikin layin.

Idan kuwa za a bi ƙa'idar masu gyara, a kori duk kalmar da na'urarta ta mutu, to aikin yana da yawa. Sai a fara da "ƙarfe nawa?" Ƙarfe ne ake bugawa a da don sanar da lokaci, bugu uku ƙarfe uku, daidai da yadda faifan tarho yake ƙirga lambarsa. Yau wa yake jin ƙarar ƙarfe idan ya duba lokaci a wayarsa? "Agogo" kanta daga Yarabanci muka aro ta, can kuma ƙararrawa take nufi. Jirgi na ruwa ne tun asali, tuƙi kuma da filafili ake yi, amma ga mu muna tuƙa mota muna hawa jirgin sama. Alƙalami kara ne da ake fiƙewa. A cikin maganar wayar ma, muna cewa "na kira bai ɗaga ba", "ta ajiye wayar", "layin ya katse", "yana kan layi". Me ake ɗagawa? Wane layi? Wayar hannu ko zaren ƙarfe ɗaya ba ta ja, amma sunanta waya. Har muka yi mata kirari da tafi-da-gidanka, ita kuma tsohuwar, da ta ga ƙanwa ta zo, sai ta koma wayar girke. Wannan suna na ƙarshe yana burge ni, domin bai wanzu ba sai da aka samu wadda ba a girke take ba.

Na yarda da masu gyara a wuri guda. Inda ake ba mutum umarni, a allon waya ko a saƙon da ke koya masa duba kuɗinsa, kalmar da take nuna ainihin abin da yatsa zai yi ita ce ta fi: danna, latsa, taɓa, shigar da lamba. Tsohuwar da aka ce wa "juya" za ta tsaya tana juya wayar a hannunta, kuma ba laifinta ba ne. A nan fassara aiki ce ta ceton lokaci, ba wurin adon magana ba ne. Amma a hira, a labari, a rubutu, "zan bugo maka" ba ta da wata cuta. Tana ma ɗauke da abin da "kira" ba ta da shi. Kira yana iya zama da baki daga bakin ƙofa, yana iya zama sammaci. "Bugo mini" kuwa waya ce kawai, ba ta da wata fassara. Ga kuma ɗan wasalin nan na ƙarshe da yake nuna inda kiran ya nufa: na buga masa, ya bugo mini. Kalma ɗaya ta gaya maka wanda ya nemi wani.

Wani zai ce, to mun ji, a bar "buga waya". Amma wahalar me za a sha wajen raɗa wa mataccen abu suna? Faifan ya fara ja da baya tun 1963, lokacin da kamfanin Bell ya fito da waya mai maɓalli a garuruwan Carnegie da Greensburg na jihar Pennsylvania, wadda kowane maɓallinta yake aika sauti biyu a haɗe maimakon bugu. Yau sai a gidan tarihi ko a tsohon fim.

Amsata ita ce matattun abubuwa su suka fi bukatar suna, domin mai rai ana iya nuna shi da yatsa. Marubucin da yake son ya ba da labarin wani ofishi na shekarun 1970 zai bukaci kalmar. Malamin da yake koyar da yadda sadarwa ta faro zai bukace ta, haka mai fassara fim ko littafi. Idan babu ita, ko dai ya zuba Turanci a tsakiyar jimla, ko ya yi dogon zagaye na layi biyu, ko kuma, abin da aka fi yi, ya tsallake wurin gaba ɗaya. Da haka ake rasa ƙananan abubuwan da suke sa labari ya yi rai. Misali, ba za ka iya bayyana wa yaro dalilin da ya sa tsofaffin wayoyin hannu suke da ABC a kan lamba biyu, har sai ka danna bakwai sau huɗu kafin ka samu harafin S ba, sai ka koma kan faifan. A jikinsa aka fara rubuta haruffan, don a manyan birane da sunan unguwar cibiya ake fara lamba. Lambar hedikwatar 'yan sandan Landan ta shahara a haka: haruffa uku na farkon Whitehall, sannan 1212.

Kuma ba za ka iya ba da labarin ɗan kwaɗon nan ba. A wani ofishi da na taɓa aiki, maigidan ya gaji da yawan kiran da ma'aikata suke yi, sai ya sayo ɗan ƙaramin kwaɗo da ake soka shi a ramin lamba ɗaya a kulle. Faifan ba zai wuce ƙarfen tokarewa ba, wayar ta zama ta amsawa kawai. Makullin yana aljihunsa, yana tafiya yana kaɗa shi. Bai san cewa masinjan ofishin ya gane sirrin da na faɗa a baya ba, cewa lamba ba komai ba ce illa katsewar wuta. Da maigida ya fita, sai ya ɗaga kan wayar, ya sa yatsa a kan 'yan maɓallan da kan yake zama a kai, ya riƙa ƙwanƙwasa su da sauri: tak-tak-tak, ya ɗan tsaya, tak-tak-tak-tak-tak, ya ɗan tsaya. Sifiri ne yake ba shi wuya, don sai ya yi goma cif ba tare da hannunsa ya yi sanyi ba. Sau biyu cikin uku kiran yana shiga. Mu da muke takama da karatu sai mu yi layi a bayansa, kowa da lambarsa a rubuce a tafin hannu, muna cewa, "Malam, don Allah a buga mana."

Wata ya ƙare, takardar kuɗin waya ta zo ba ta ragu ba. Maigida ya juya kwaɗon nan ya duba gaba da baya, ya ja shi, ya ga yana nan daram. Washegari ya sayo wani wanda ya fi shi girma.